Waya a Hannun Yaron da Ba Ya Gane Gatse



Yau zancen wasu yara za mu yi, waɗanda kusan kowace unguwa tana da su, kuma kusan kowace unguwa ta riga ta laƙaba musu suna. Akwai wanda ake ce wa miskili, domin ba ya kallon idon mutane, ba ya shiga wasan sa'anninsa, in an kira shi sai ka ce bai ji ba, amma ya haddace lambar kowace mota da ke layinsu. Akwai wanda ake cewa ƙiriniya ta yi masa yawa, ba ya iya zama wuri guda, an yi faɗan an yi dukan, a boko da islamiyya duka, abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Akwai kuma wadda ake kira daƙiƙiya saboda ta kai aji shida haruffa na rikice mata, alhali in bayani ne na baki ko lissafin kuɗin cefane, babu mai kama ƙafarta. Yanayin na farko shi ne galahanga, wanda likitoci ke kira otizim. Na biyu suna kiran nasa ADHD, wato ƙarancin tattara hankali da yawan motsi. Ta ukun kuma disleksiya ce, wahalar karatu da rubutu. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne. Ƙwaƙwalwarsu ce ke aiki ta wata hanya daban, kuma masana sun fi danganta hakan da gado da yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun yaro yana ciki.

Yaran nan suna da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da galahanga. Masu ADHD kuwa, binciken da ya tattara alƙaluma daga ƙasashe da dama ya sa su a wajen 5 cikin 100. Duk malamin firamare da ke da yara 80 ko 100 a ajinsa, yana koyar da irin waɗannan yara, ko ya sani ko bai sani ba. Kuma da yawansu waya ta riga ta iso hannunsu: ta Umma, ko ta Yaya, ko wata tsohuwar Android da aka bar musu.

Ba na ganin laifin uwar da ta miƙa wayar. Wanda bai taɓa wuni da yaro mai galahanga yana cikin fushi ba, yana ihu yana buga kai a bango saboda an sauya masa kofin da ya saba shan shayi, ba zai gane gajiyar uwar nan ba. Ga girki, ga goyo, ga surutun maƙwabta. Ta lura in ta kunna masa bidiyon jirgin ƙasa sai ya yi tsit, to me za ta yi? Kuma gaskiya ce, wayar na yi wa yaran nan amfanin da ba ta yi wa sauran. Yaron da hira ido da ido ke gajiyar da shi, domin sai ya fassara fuska da murya da kalmomi a lokaci guda, in rubutu ne yana samun sararin yin tunani kafin ya ba da amsa. Yarinyar da haruffa ke guje mata, saƙon murya na WhatsApp ya cire mata kunyar rubutu. Wanda ba ya iya bin hayaniyar makarantar allo, yana iya maimaita ƙira'ar sura ɗaya a YouTube har ta zauna masa, ba mai tsawa, ba mai dariya. Wanda duk unguwa ta gaji da zancensa na jiragen sama, a intanet zai tarar da mutane irinsa da ba sa gajiya da zancen. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ba a gayyatarsa wasa. Shi ya sa ba na tare da masu cewa a ƙwace wayar kawai kowa ya huta.

Amma inda amfanin yake, nan haɗarin ya maƙale, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe.

Hausa harshe ne mai cike da gatse da habaici da ba'a. In uwa ta ce wa ɗanta "ci gaba da yi, ka kyauta," kowane yaro ya san cewa ta ce ya daina. Yaro mai galahanga sau da yawa ba ya ganewa. Shi magana yadda aka faɗe ta haka yake ɗaukarta. In wani ya rubuto masa "ni abokinka ne," to shi kenan, aboki ne. In ya ce "ni yarinya ce 'yar shekara 14," to yarinya ce. In ya ce "wannan sirrinmu ne, kar ka faɗa wa kowa," yaron zai riƙe sirrin da gaske, domin shi mutum ne mai cika ƙa'ida. Wancan ɗan ɗar-ɗar ɗin da ke taso wa wani yaro a zuci, ya ji cewa maganar mutumin nan akwai lauje cikin naɗi, shi ba lalle ya ji shi ba. A haɗa wannan da kaɗaici. Yaron da ya shekara da shekaru ana tsokanarsa a makaranta, rana ɗaya wani ya fara gaishe shi kullum da safe, yana yabon zanensa, yana tura masa data, yaya zai yi ya ƙi shi? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma masu farautar yara a intanet sun ƙware wajen neman tsagar.

Ba labarin wata ƙasa nake bayarwa ba. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya sanar da cewa ya rufe shafukan Instagram wajen 63,000 a Najeriya, na masu yaudarar mutane su turo hoton tsiraicinsu, sannan su juyo su ce a biya kuɗi ko su watsa. Kamfanin ya ce yawancin waɗanda aka ɗana wa tarkon manyan maza ne a Amurka, amma akwai yara a ciki. Masu wannan sana'a a cikinmu suke, kuma dabarar da ta ci babban mutum mai wayo ba za ta sha wahala da ɗan shekara 14 da ba ya gane yaudara ba.

Akwai wani abu a tarbiyyarmu da ya kamata mu dube shi da idon basira. Muna koya wa yaro biyayya ga na gaba da shi: in babba ya aike ka ka tafi, in ya yi magana kar ka musa. Muna koya masa kunya: akwai zancen da ba a yi da iyaye. Tarbiyya ce mai kyau, kuma yawancin yara da kansu suke gano inda iyakarta take, su san akwai babban da ba a bi. Yaron da ke ɗaukar ƙa'ida a dunƙule ba ya gano iyakar da kansa. An ce a bi babba, ga babba ya ce turo hoto. An ce ba a zancen tsiraici da Umma, to ba zai yi ba, ko da abin na cinsa. In ba mu buɗe baki mun faɗa masa iyakar ƙarara ba, ladabin da muka koya masa shi za a yi amfani da shi a cuce shi. 'Yan mata sun fi ba ni tsoro a wannan gaɓa. A ƙididdigar Amurka, mazan da ake gano suna da galahanga sun ninka mata fiye da sau uku, kuma masana da yawa na ganin wani ɓangare na dalilin shi ne 'yan mata sun fi iya ɓoye yanayinsu ta hanyar kwaikwayon ƙawayensu. A wajenmu kuwa yarinya mai shiru-shiru yabonta ake yi, a ce tana da kunya, babu wanda zai yi tunanin tana buƙatar ƙarin kariya.

Mai ADHD matsalarsa daban ce. Shi yana gane yaudara sarai, amma hannunsa na riga tunaninsa. Ya danna kafin ya karanta, ya tura kafin ya yi nazari, ya mayar da zagi kafin ya huce. TikTok da ire-irensa kuwa an gina su ne yadda bidiyo ba ya ƙarewa, kana gama wannan wani ya hau, babu wata gaɓa da za ta ce maka tashi haka. Babba mai cikakken hankali ma yana shan wuya da wannan, balle yaron da dama can lissafin lokaci ke kufce masa. Sai ka ga ƙarfe biyun dare ido biyu, da safe a makara sallah, a makara makaranta, rashin barcin kuma ya ƙara dagula hankalin da dama bai tattaru ba. A nan ne kuma tallan caca ke samunsa, da saƙonnin "ka ci kyauta, turo lambar da aka aiko maka." In wayar ta uwarsa ce, asusun bankinta na ciki. Mai wahalar karatu ita ma irin wannan saƙo na iya cin ta, domin adireshin shafin bogi da na gaskiya sau da yawa harafi ɗaya ne ya raba su.

To mene ne abin yi?

A fara da abin da ya fi sauƙi, wanda kuma muka fi sakaci da shi: shekarun da aka rubuta ranar da aka buɗe shafin. Facebook da Instagram da TikTok duk ƙa'idarsu sai yaro ya kai 13. Kuma suna da kariyar da ke hawa da kanta in sun san mai shafin yaro ne. A TikTok, wanda bai kai 16 ba ba ya iya aika saƙon sirri ko karɓa, kuma tun 2023 akwai iyakar minti 60 a rana ga 'yan ƙasa da 18. Instagram ya fito da shafukan matasa a watan Satumban 2024: shafin a rufe yake ga baƙi, saƙo sai daga wanda yaron ke bi ko suke da alaƙa, sanarwa na yin shiru daga ƙarfe 10 na dare zuwa 7 na safe, kuma ɗan ƙasa da 16 ba ya sassauta waɗannan sai da izinin iyaye. Duk wannan ya dogara ne da shekarun da aka shigar. A wajenmu kuwa wa ke buɗe wa yaro shafi? Yayansa, ko abokinsa, ko mai shagon caji da tura finafinai, wanda zai zaɓi kowace shekara ta zo hannunsa don a wuce wurin. Ɗan shekara 12 sai ya koma ɗan 30 a idon kamfani, kariyar duk ta tafi. Iyaye, ku duba wannan yau. In ba ku iya ba, ku sa wani babban ɗa da kuka amince da shi ya duba a gabanku. A WhatsApp ma, a sashen sirri, ana iya hana wanda ba ya cikin lambobin wayar jefa yaro a guruf, ana iya sa kiran baƙuwar lamba ya yi shiru. Google na da Family Link, TikTok na da Family Pairing, duka kyauta ne, suna haɗa wayar uba ko uwa da ta yaro.

Ostireliya ta zaɓi wata hanya. A watan Nuwamban 2024 majalisarta ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da 16 mallakar shafi a manyan kafafen sada zumunta. Na fahimci dalilinsu. Sai dai a gidan da waya ɗaya ke yawo hannun mutum biyar, da sunan uwa aka yi rajistar layi, da sunan yaya aka buɗe shafi, irin wannan doka ba za ta ga yaron ba ma, balle ta kare shi. Mu namu aikin a cikin ɗaki yake.

Kuma babban aikin shi ne magana, irin wadda yaron zai gane. "Ka yi hankali da mutanen banza" ba ta da ma'ana a wurinsa. Wane ne mutumin banza? Da me ake gane shi? Ko "kar ka yi hira da baƙo" ba ta isa ba, domin wanda ya yi mako uku yana gaishe shi kullum ya daina zama baƙo a lissafinsa. Sai an ba shi ƙa'ida gajeriya wadda ba ta da kwana. "Aboki shi ne wanda ka taɓa gani ido da ido, kuma ni ma na san shi." "Duk wanda ya ce ka turo hoton jikinka ba riga, namiji ne ko mace, babba ne ko yaro, malami ne ko ɗan'uwa, ba ka turawa, wayar za ka kawo mini." "Lambar da banki ya aiko ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake." Sai kuma wadda na fi ba muhimmanci: "Duk wanda ya ce kar ka gaya wa Umma, to wannan maganar ita za ka fara gaya wa Umma." A rubuta su a manna a bango, ko a zana, ko a ɗauke su a murya yana saurara. Sannan a gwada. Uba ya ɗauki wata wayar ya zama baƙon, ya rubuto, "Sannu abokina, a wace makaranta kake?" a ga abin da yaron zai yi. In ya amsa, ba faɗa, a nuna masa, a sake. Yaran nan in ƙa'ida ta zauna musu, sun fi kowa riƙe ta. Abin da ya sa suke da saurin cutuwa shi ne kuma zai kare su, in mu muka riga mugu ba su ƙa'idar.

Yadda muke koya wa yaro aike haka za a bi. Da farko tare kuke zuwa shagon, daga baya ka tsaya a ƙofar gida kana hangensa, sai can gaba ka bar shi ya je ya dawo shi kaɗai. A fara da kallo tare, kafaɗa da kafaɗa. Sai guruf na 'yan'uwa kawai. Sai shafi rufaffe mai mutane ƙalilan da aka sani. Kuma abin dubawa shi ne fahimtar yaron, domin wani ɗan 16 ɗin har yanzu yana matakin farko, wani ɗan 13 ya wuce nan.

Batun lokaci kuwa, Allah ya hore mana abin da zai taimaka: salloli biyar sun riga sun yanka mana wuni. Yaro mai galahanga yana son tsari tabbatacce, mai ADHD yana buƙatar alamar da zai ji da kunnensa. "Waya daga bayan la'asar zuwa kiran magariba" ƙa'ida ce da dukansu za su iya kamawa. Abin da ke tayar da rigima shi ne fizge wayar ba zato. A sanar da shi saura minti goma, a sake sanarwa saura biyar, a kuma faɗa masa abin da zai biyo baya. Da dare wayar ta kwana a ɗakin iyaye. Kuma a tanadi abin da zai maye gurbinta, domin yaron da aka karɓe wa waya aka bar shi zuru ba abokin wasa, ba a yi masa komai ba.

Yanzu ga inda iyaye da yawa ke ɓata aikin da hannunsu. Ranar da yaro ya zo jiki na rawa ya ce, "Abba, wani ya ce in ban tura kuɗi ba zai watsa hotona," abin da uban ya yi a mintin farko shi zai yanke ko yaron zai sake zuwa. In mari ya biyo baya, aka ƙwace wayar, aka tara 'yan gida aka yi masa tas, darasin da ya koya shi ne faɗin gaskiya na jawo duka da asarar abokansa. Gobe zai yi shiru, kuma shirun nan shi mai barazanar ke nema. A yi masa alƙawari tun kafin komai ya faru: in ka faɗa mini ba zan doke ka ba, ba zan raba ka da wayar ba, tare za mu gyara. Kuma a cika alƙawarin, domin irin yaran nan ba sa manta wanda aka saɓa musu.

In abin ya riga ya faru, kar a biya ko sisi, biya ba ya kawo ƙarshen barazanar. Kar a goge saƙonnin, a ɗauki hotonsu a ajiye, sannan a toshe mutumin, a kai ƙararsa ga kamfanin ta cikin manhajar. Akwai wani shafi mai suna Take It Down, na kyauta, da ke taimaka wa 'yan ƙasa da 18 hana yaɗuwar irin waɗannan hotuna ba tare da hoton ya bar wayarsu ba. Doka ma tana gefen yaron. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, a sashe na 23, ta haramta hotunan batsa na yara da yaudarar yaro ta intanet don lalata da shi, kuma ta ambaci cin zarafin yaro ta hanyar amfani da raunin lalurarsa. Rundunar 'yan sanda na da cibiyar yaƙi da laifukan intanet, ga kuma hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP. Iyayen da kuma suke zargin ɗansu na da ɗaya daga cikin yanayin da muka ambata, su nemi likita ya duba shi. Akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin ɗanka mahaukaci ne. Sanin yanayinsa shi zai nuna maka irin bayanin da zai shige shi.

Saura abu ɗaya da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma wannan ba baƙo ke yin sa ba, mu ne. Sau nawa muka ga bidiyon yaro mai lalura yana yawo a guruf-guruf, an sa shi rawa, ko an tsokane shi har ya fusata, ana ɗauka ana shewa? Shi a ransa ya yi abokai, ga mutane sun kewaye shi suna dariya, bai san da shi ake yi ba. Wani lokacin ma ɗan gidansu ne ya ɗora don neman mabiya. Wani lokacin uwa ce, da kyakkyawar niyya, ta ɗauki ɗanta yana tsakiyar kuka da birgima don ta nemi taimako ko addu'a. Hajiya, na san nauyin da kike ɗauke da shi, amma yaron nan zai girma, zai nemi aiki, zai nemi aure, bidiyon kuma yana nan. Ki nemi taimakon ba tare da fuskarsa da sunansa da unguwarsa ba. Wanda kuma irin wannan bidiyo ya iso wayarsa, ya tsaya a kansa, kar ya tura gaba, ya kuma yi wa wanda ya turo magana.

Malaman boko da na islamiyya, ku ne kuke fara jin an kafa guruf ana zagin wane, ku sa baki tun abin bai yi nisa ba, ku kira iyaye. Kai kuma ɗan'uwa mai shagon caji, in yaro ya miƙo maka waya ya ce buɗe mini TikTok, tambaye shi shekarunsa. In bai kai ba, ka ce masa a'a. In ya kai, ka sa shekarunsa na gaskiya, ka ce gobe ya zo da babansa ko yayansa a haɗa wayoyin biyu.